Zarto Ba Ya Jin Suna

A gidan mai injin katako ba a sa wa ɗa namiji suna sai zarto ya yarda. Mai injin, wanda tsoho ne, shi ya kafa dokar, kuma tun da ya kafa ta ba wanda ya taɓa ce masa don me. Idan aka haifi namiji sai a taru a rumfar aiki, a tayar da babban injin tsaga katako, uban jaririn ya je can gaban zarto ya tsaya. Shi kuma tsohon ya tsaya a bakin ƙofa, taku ashirin tsakaninsu, ya ƙwala sunan da iya ƙarfinsa. In uban ya ji sai ya ɗaga hannu, a kashe inji, ya faɗi abin da ya ji, suna ya zauna. In bai ji ba a watsar da sunan kamar ɓawon gungume. Ta haka aka samu Ado da Ilu da Nuhu, 'ya'yan babban ɗansa, kowane suna gaɓa biyu, kowane yana ƙarewa baki a buɗe.

Dalilin dokar yana rataye a hannun dama na ɗansa na biyu. Yatsu biyu ne suka rage a hannun, babba da manuni. Sauran ukun zarto ya cinye su yana ɗan shekara goma sha huɗu, kuma tun ranar ake kiransa Dungu, har sunansa na gaskiya ya ɓace a gidan. Sunan dogo ne, gaɓa biyar, irin waɗanda ake farawa da Abdul. Na kakansa ne na wajen uwa, uwar ce ta nace aka sa masa. Tsohon bai gaji da ba da labarin ba, ga masu sayen katako, ga baƙi, ga duk wanda ya zauna kusa da shi.

"Ina bakin ƙofa na ga hannunsa ya nufi zarto. Na buɗe baki in kira shi. Suna kamar jelar saniya. Kafin in kai ƙarshensa an gama. Da gajere ne da yanzu yana da yatsunsa. Taurin kan mace ne ya yanke su."

Uwar Dungu ta yi shekara huɗu tana jin wannan magana, sannan ta mutu da ita a wuyanta. Matacce kuwa ba ya kare kansa. Ƙarya idan ta daɗe a gida har gaishe ta ake yi kamar dattijuwa.

Dungu bai ƙara tsayawa gaban zarto ba. An mayar da shi waje, wurin da ake jibge katako, yana awo yana lodi yana fama da masu saye. Shekara goma sha tara ke nan. Yana zaune da matarsa a ɗaki ɗaya cikin gidan uban, yana ci daga aikin uban. Yanzu matar ta haihu, namiji, kuma takardar da aka ba su a asibiti tana nan a kan akwati da gurbin suna a buɗe, ana jiran a kai ta ofishin rajista.

Ran da jaririn ya kwana huɗu, da hantsi, Dungu ya shigo ɗaki ya iske mai jego ta jingina da bango, yaron a cinyarta, waya a hannunta.

"Baban marar suna, zauna in karanta maka," ta ce. Ita kaɗai ce a gidan ba ta taɓa ce masa Dungu ba. "Tunda gajere Baba yake so, ga gajeru nan na samo, har da asalinsu da ma'anarsu. Duk daga Larabci suke. Zaid, wato ƙaruwa."

"A ɗakin nan? In muka ƙara ƙaruwa ɗayanmu a waje zai kwana."

"To Fahad. Wata dabba ce dangin damisa."

"Damisa ɗaya ta ishe mu a gidan nan."

Ta danne dariya, ta dubi ƙofa. "Nur, haske. Sa'ad, mai sa'a. Anas, wanda ake jin daɗin zama da shi, mai ɗebe kewa."

Ya sa manuninsa cikin tafin jaririn, yaron ya damƙe. Yana taɓa 'yan yatsun ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi.

"Biyar ne," mai jego ta ce a hankali. "Jiya ma biyar ne. Tun da aka haife shi kake ƙirga su, ka zaci ba na gani." Ta mayar da ido kan wayar. "Akwai ɗaya da na ajiye maka. Salim. Lafiyayye, cikakke, wanda ya kuɓuta ba abin da ya taɓa shi."

Dungu ya maimaita sunan a ransa, ya ji ya zauna masa daram kamar ƙusa a katako mai laushi.

Tari suka ji a bakin ƙofa. Tsohon ne, dusar katako a gemunsa, yayarsa Gwaggo tana biye da shi da sandarta. Bai shigo ba, bai dubi jaririn ba.

"Gobe da safe za a tayar da inji," ya ce. "Na zaɓa masa Hudu."

"Baba, da ma akwai wanda muke so," in ji Dungu. "Shi ma gajere ne. Salim."

Tsohon ya tauna sunan kamar ya sa tsakuwa a baki. "Sunan da ke rufe baki a ƙarshe? Yana fitowa zai faɗi a gabanka, ko taku uku ba zai yi ba. A ina ka tsinto shi?"

"A waya, Baba," mai jego ta ce. "Ma'anarsa lafiyayye. Shi Hudun mene ne ma'anarsa?"

"Ma'anarsa in an kira shi ya juyo. Suna abin kira ne, ba abin ado ba. Ran da yaron nan zai tsaya gaban zarto, wayarki ba za ta janye masa hannu ba."

"Wa ya ce gaban zarto zai tsaya?"

Tsohon ya kau da kai daga gare ta. Ya dubi ɗansa, daga hannun zuwa fuskar.

"Ka ji ko? Haka uwarka ta fara. Da ma'ana, da asali, da sunan ubanta. Ga ma'anar nan a hannunka." Ya kaɗe hularsa a cinya. "Duk namijin da aka haifa a gidan nan na rumfa ne. Wanda dokar rumfa ta yi masa nauyi, to rufin gidana ma ya yi masa nauyi. Ka zaɓa."

Ya juya ya tafi. Gwaggo ta ɗan tsaya, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai kawai ta ce Allah ya raya, ta bi bayansa.

Mai jego ta ajiye wayar. "Ba zan yi faɗa da Baba ba, ba tarbiyyata ba ce. Amma ka sani, in ka ɗaga hannu gobe, ba suna kawai ka karɓa ba, ka ba da yaron ne."

"In ban ɗaga ba kuma ina za mu? Wa zai ɗauki mai yatsu biyu aiki?"

"Wannan kai za ka amsa. Ni dai wata tara na yi ina haɗa masa yatsu goma."

Da safe aka taru. Rumfar doguwa ce, rufin kwano, ƙasanta dusar katako har idon sawu. Injin yana can ƙurya, faifan zarton ya fito ta tsakiyar teburin ƙarfe, haƙoransa sun sha wasawa suna ƙyalli. Gwaggo ta samu gungume kusa da ƙofa ta zauna, yadda ta saba duk lokacin gwaji. Sau uku Dungu ya ga ana wannan abu, kuma duk sau ukun a gefen tsohon ya tsaya, inda muryarsa take fasa kunne. Yau ne karo na farko da zai je can ciki.

Yayansa, wanda yake riƙe da injin yanzu, ya kama shi a gwiwar hannu ya raka shi. Warin mai da ɗanyen katako ya cika wa Dungu hanci, tabon hannunsa ya fara zogi kamar jiya aka yi.

"Kada ka tsawaita," Yaya ya raɗa masa. "Kalli bakinsa kawai. Yana buɗewa ka ɗaga hannu, ka ce Hudu, a wuce wurin."

"In kalli bakinsa?"

Yaya ya danna makunni.

Bel ɗin injin ya ja, faifan ya fara juyawa, ƙarar ta tashi ta daki kwano ta dawo. Yaya ya tura guntun katako don zarto ya ci, yadda doka ta ce, ƙarar ta koma kururuwa. Dungu ya ji ta a haƙoransa, ya ji ta a ƙashin ƙirjinsa. Ya hango uban a bakin ƙofa ya kafa hannu biyu a gefen baki. Bakin ya buɗe, jijiyar wuya ta miƙe, gemu ya girgiza. Ko ƙwayar sauti ba ta iso ba. Tsohon ya sake, ya sake, kamar kifin da aka jefa kan tudu.

Yaya ya zungure shi da ƙafa. Hannun Dungu ya fara tashi da kansa, don shekara talatin da uku ya yi yana yin abin da bakin nan ya ce. Sai ya tuna wani abu. Mai tura katako ba ya fuskantar ƙofa. Ranar da abin ya faru bayansa ya ba ƙofar, idonsa a kan katako. Ya sauke hannun, ya juya, ya tsaya yadda ya tsaya a ranar.

Ya jira, ya kasa kunne da dukkan jikinsa, yana roƙon ya ji ko da kan sunan ne. Ba komai sai zarto.

A bangon da yake fuskanta akwai ƙusa, a jikin ƙusar an rataye wani lanƙwasasshen ƙarfe da tsatsa ta cinye, zanzaro ya yi gida a cikinsa. Murfin zarto ne, wanda ake kifawa a kan faifan don kada hannu ya kai ga haƙora. Ya tuna ran da uban ya kwance shi, wai yana hana katako mai faɗi wucewa da sauri. Mako ɗaya aka yi tsakanin ranar da ranar hannunsa. Bai manta ba, ajiyewa ya yi a inda ba zai riƙa gani ba, kamar yadda kowa a gidan ya yi.

Ya miƙa manuninsa ya kashe injin.

"Sau bakwai na kira," tsohon ya ce, muryarsa ta dushe. "Kurma ka zama?"

"Ban ji ba, Baba."

"Ka juya mini baya, yaya za ka ji?"

"Da baya ake ji? Ai kunne na nan inda yake." Dungu ya juyo. "Yaya, kai ka ji Ado? Ka ji Ilu?"

Yaya ya sunkuya yana share teburin da tafin hannu.

"Ɗan'uwanka mai biyayya ne," in ji tsohon. "Ya ji."

"To zo ka tsaya nan, Baba. Ka ba ƙofa baya, ni in kira. In ka ji, Hudu ya zauna, kuma ranar da ya kai in kawo maka shi rumfa da hannuna."

"Ni za ka gwada? Ni da na haife ka?"

"Je ka mana, mai inji," Gwaggo ta ce daga kan gungumen. "Ba kai ke cewa kunnenka da zarto tare suka girma ba? Ko dokar ta yara ce kawai?"

Girman kai ya fi igiya jan mutum. Tsohon ya harare ta, ya tattare riga, ya taka har gaban teburin, ya ba ƙofa baya. Dungu ya koma inda uban ya saba tsayawa. Yaya ya danna makunni, ya tura katako.

Dungu bai kira Hudu ba, bai kira Salim ba. Ya cika ƙirji ya kira kalmar da ya kira a ranar, lokacin da ya ga yatsunsa a kan tebur. Ya kira ta har maƙogwaronsa ya yi zafi, har Gwaggo ta toshe kunne. Bayan tsohon bai motsa ba. Can, da ya ga an daɗe, sai ya ɗaga hannu.

Aka kashe inji. Tsohon ya juyo yana gyara hula.

"Na ji sarai. Sunan wayar nan ka kira don ka ruɗe ni. Salim."

"Ba Salim na kira ba. Baba na ce," in ji Dungu. "Sau biyar. Gaɓa biyu ne, baki a buɗe."

Faifan yana ta juyawa a hankali, yana rage gudu, har ya tsaya.

"Ko ka kira ni a ranar, ko ba ka kira ba, Allah ya sani, kai ma ka sani," Dungu ya ci gaba. "Amma da gaɓa ɗaya ne ma ba zan ji ba. Sunan kakana bai yanke ni ba. Ga abin da ya yanke ni can a jikin ƙusa. Kai ka kwance shi, kai ka sa yaro ɗan shekara sha huɗu a gaban faifai tsirara. Sannan ka ɗauki laifin ka ɗora wa Inna, ta kai shi kabari."

"Laifi tudu ne," Gwaggo ta ce, idonta a ƙasa. "Ni ma ina cikin waɗanda suka taka. Na san ba a jin komai a can, tun kana yaro na sani. Na yi shiru don a zauna lafiya, uwarka kuwa ba ta zauna lafiya ba."

"Ke rufe mana baki," tsohon ya daka mata tsawa. Idonsa a bushe yake. Akwai mutanen da ko ka kai su bakin gaskiya ka danna musu kai, ba za su sha ba. Ya nuna Dungu da yatsa. "Da wannan zarton na ciyar da kai. Da shi na yi maka aure. Yau ka tsayar da ni a gaban 'yar'uwata da ɗana ka tozarta ni saboda sunan da mace ta tsinto a waya. Ka kwashe kayanka. Kada rana ta faɗi ta same ka a gidana, kuma kada in ga ƙafarka a wurin lodi."

"To, Baba."

Dungu ya ratsa rumfar, ya ciro murfin daga ƙusa, ya buga shi a bango gidan zanzaron ya zube. Ya kai wa yayansa.

"Ado ya cika sha uku, na ji ana cewa bana zai fara turin katako. Gajeren suna gare shi, ka ga iyakar amfaninsa."

Yaya ya riƙe ƙarfen da hannu biyu. Ya dubi uban, ya dubi faifan. Har Dungu ya fita bai ajiye ba, bai kuma ɗaura ba.

Kayansu ba su cika kura ɗaya ba. Ƙanen mai jego yana da ɗaki a bayan shagonsa na gyaran keke, ya ce su zauna kafin su ga abin da Allah zai yi. Ɗakin ko taga ba shi da, warin roba yake yi. Mai jego ta dube shi, ta shimfiɗa zani ta kwantar da yaron. Aiki kuwa babu, kuma Dungu bai yaudari kansa cewa gobe za a samu ba.

Washegari ya ɗauki takardar asibiti ya tafi ofishin rajista. Ya bi layi har azahar ta kusa. Ma'aikacin mutum ne mai tabarau, wanda gajiya ta hana shi ɗaga kai.

"Sunan yaro?"

"Salim."

"Sunan uba?"

Dungu ya buɗe baki ya tsaya. Shekara goma sha tara harshensa bai ɗauki sunan ba, ya ji shi baƙo, mai nauyi. Ya faɗe shi a hankali, gaɓa bayan gaɓa, har biyar.

Ma'aikacin ya yi tsaki. "Wannan ai sai ya cinye mini layi. Ba wani gajere da ake kiranka da shi?"

"Akwai. Ba shi za ka rubuta ba. Wannan na kakana ne, uwata ta sa mini. Rubuta shi duka."

Mutumin ya rubuta, ya matse haruffan ƙarshe a bakin takarda, ya turo ta da biro don a sa hannu. Sai a lokacin ya ga hannun, ya jawo tawadar dangwale.

"Bar shi," in ji uban Salim. Ya kama biron da yatsunsa biyu.